Teo Macero: mai busa saksofon da ya yi suna da reza

An haifi Teo Macero ranar 30 ga Oktoba 1925 a garin Glens Falls na jihar New York a Amurka, ya rasu ranar 19 ga Fabrairu 2008. Da busa saksofon ya fara. Ya yi karatun kiɗa a makarantar Juilliard, ya gama a 1953, ya kuma yi wasa tare da Charles Mingus. Amma ba busa ce ta fito da sunansa ba.

A 1957 kamfanin Columbia ya ɗauke shi aiki, ya zama mai shirya faifai, wato wanda ke zaune a sitidiyo yana yanke abin da zai shiga faifai da abin da za a zubar. Ƴan Agadez sun san nauyin wannan kujera, domin ita ce Dan Auerbach ya riƙe a faifan Nomad na Bombino a 2013. A 1959 kaɗai, Macero ya shirya Time Out na Dave Brubeck da Mingus Ah Um.

Babban aikinsa shi ne wanda ya yi da mai busa ƙaho Miles Davis. Duk wanda ya taɓa liƙe zaren kaset da ya tsinke zai gane dabarar. Davis da makaɗansa su yi ta kiɗa, na'ura na naɗa, bayan sun tashi sai Macero ya zauna da reza, ya yanka zaren, ya sauya wa guntaye wuri, ya liƙe. A faifan In a Silent Way na 1969, ya kwafi farkon kiɗa ya sake manna shi a ƙarshe, mai sauraro ya ɗauka makaɗan ne suka dawo kansa. A Bitches Brew na 1970 yankan ya fi haka yawa. Wasu masu sharhi sun kira abin maguɗi, tunda jazz kiɗa ne na nan take. Sai dai kunnen mabushi ne ke riƙe da rezar, shi ya sa da wuya a ji inda aka liƙe.

Zamansu bai rasa saɓani ba. Da aka fitar da Quiet Nights a 1963, Davis ya ɗora masa laifin sakin aikin da bai kammala ba, ya daɗe ba ya yi masa magana. Macero ya bar Columbia a 1975, amma ya ci gaba da shirya wa Davis faifai har zuwa Star People a 1983.