Asalin Kalma: Yajin Aiki

"Yajin aiki" ya samo asali ne daga "yaji" na zaman aure, wato mace ta yi fushi ta koma gidan iyayenta. A ƙasar Hausa, mai yaji ba sakakkiya ba ce: aurenta yana nan, tana jiran miji ya zo biko, dattawa su sasanta. Da aikin albashi ya kafu, sai aka ari kalmar ga ma'aikatan da suka ajiye aiki har a biya musu buƙata, ba tare da sun yi murabus ba.

Yajin aiki daban yake da zanga-zanga, wadda fitowa ce kan titi, amma sukan haɗu. A Janairun 2012, da gwamnatin Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Matasa suka yi gangami ta Facebook da Twitter, ƙungiyar ƙwadago ta NLC kuma ta shiga yajin aiki ranar 9 ga wata. Ranar 16 gwamnati ta sauko da farashin zuwa naira 97, aka janye yajin.