Musayar Gutsuren Kuromosom da Yawan Ɓari: Matsayin Gwajin Ɗan Tayi ga Ma'aurata a Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba gwajin ƙwayoyin gadon ɗan tayi kafin a dasa shi a mahaifa, da amfaninsa ga ma'auratan da ɓari ya addaba. Matsayarta ita ce a fara da gwada jinin miji da mata.

Matsalar

Kuromosom 46 ne a ƙwayar halittar mutum. Kimanin mutum 1 cikin 500 ana haifarsa gutsuren wani kuromosom ya yi musayar gurbi da na wani, ba ragi ba ƙari. Lafiyarsa garau. Sai wajen samar da maniyyi ko ƙwai rabon yake karkacewa, ɗan tayi ya tashi da giɓi ko ƙari, cikin ya zube, ko a haifi yaro da nakasa. Cikin ma'auratan da ɓari ke maimaituwa gare su, kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ana samun wannan musaya a jinin ɗayansu.

Wannan ɗayan yana iya zama mijin. Amma a Kano matar ce ke shan tsegumin dangi, ita ke riƙe da kati a layin awo na Asibitin Nassarawa, wato Asibitin Koyarwa na Muhammad Abdullahi Wase, sau da yawa ita kaɗai. Auren mace fiye da ɗaya ma yana ba likita wata alama: idan uwargida da amarya duk suna ɓari, a tambayi maigida. Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta tanadi gwajin jinotayif, amma takardar AA ba ta faɗin komai kan tsarin kuromosom.

Gwajin da iyakarsa

Alan Handyside da abokan aikinsa na Asibitin Hammersmith a Landan ne suka ba da rahoton cikin farko da aka samu bayan gwada ɗan tayi, a 1990. A yau ana haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, a rana ta 5 ko ta 6 a tsinko ƙwayoyi 5 zuwa 10 daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, a daskarar da ɗan tayin har sakamako ya fito. Hanyar da aka fi amfani da ita tana gano giɓi da ƙari, amma ba ta bambance lafiyayyen ɗan tayi da wanda ya gaji musayar iyayensa daidai wa daida.

Binciken Franssen da abokansa a Holan (2006) ya nuna kashi 83 cikin ɗari na ma'aurata masu musayar da suka sha ɓari sun samu lafiyayyen ɗa daga baya, marasa ita kuwa kashi 84. Abin da gwajin ke ragewa shi ne yawan ɓarin da za a sha kafin a dace. Wajibi ne likita ya faɗa wa ma'aurata haka ƙarara kafin su sayar da fili don biyan kuɗin gwajin.