Ƙera jita da na'urar ɗab'in 3D: abin da injin ke bugawa da abin da sai an sayo

Ɗab'in 3D hanya ce ta ƙera kaya inda na'ura ke bin zanen da aka yi a kwamfuta, tana ɗora roba ko ƙarfe hawa kan hawa har abin ya tashi. Masassaƙi kan ɗauki gungumen ice ya yi ta rage shi har turmi ya fito. Ita wannan na'ura ƙarawa take yi, kamar yadda magini ke tayar da rumbu a ƙauyukan Adar, sahun laka kan sahun laka. Tun daga shekarar 2011 ake gwada ta wajen ƙera jita, kuma jitocin da aka buga suna kaɗuwa sarai. Sai dai kalmar "bugawa" kan ruɗi mai karatu, domin a mafi yawansu gangar jiki kaɗai ce ke fitowa daga injin.

Asalin fasahar

Ba'amurke Chuck Hull ne ya samu takardar mallakar hanyar farko a 1986. Irin injin da ya fi yaɗuwa a yau, mai narkar da zaren roba, Scott Crump ne ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980. Bayan da wa'adin mallakarsa ya ƙare a 2009, kuma shirin RepRap na Adrian Bowyer a jami'ar Bath ta Ingila ya saki zanen injinsa kyauta, farashi ya faɗi har ƙananan masu sana'a suka fara saye. Zaren da ake sa wa injin kaurinsa milimita 1.75 ne, ana sayar da shi a naɗe kilo-kilo. Bakin injin na zafafa shi zuwa digiri 200 ko fiye, ya shimfiɗa shi sahu-sahu, kowane sahu kimanin milimita 0.2.

Jitocin da aka riga aka buga

Sunan da ya fi fitowa a wannan fage shi ne Olaf Diegel, farfesa a jami'ar Massey ta New Zealand a lokacin da ya fara, wanda ya kafa ODD Guitars. Yana buga gangar jikin da garin nailan da hasken lesa ke narkarwa yana haɗewa, abin da ke ba shi damar yin siffofin da ba gizagon da zai iya sassaƙawa: saƙar zuma da ƙudajenta a ciki, ko yanar gizo-gizo. Amma a tsakiyar kowace jita tasa akwai guntun katako, kuma wuyan ma na katako ne. A 2014, bayan ya koma jami'ar Lund ta Suwidin, ɗaliban makarantar kiɗa ta Malmo sun yi wasa a bainar jama'a da jitoci da ganga da fiyano na lantarki waɗanda aka buga jikinsu.

A 2019 kamfanin Sandvik na Suwidin ya buga gangar jikin jita da ƙarfen titaniyom, ya miƙa wa makaɗi Yngwie Malmsteen ya yi ta maka ta a dandali, ba ta fashe ba. Wannan talla ce ta kamfanin ƙarfe, kuma ko a nan wuyan ba bugawa aka yi ba, yanka shi aka yi daga baƙin ƙarfe mara tsatsa. Wadda ta fi kusa da aljihun talaka ita ce Prusacaster, da kamfanin Prusa na ƙasar Cek ya saki zanenta a 2023. Ana buga jikinta gunduwa-gunduwa a ƙaramin inji, a haɗa, sannan a ɗaura mata wuya da tsirkiyoyi da kayan lantarki na wata jita mai araha da ake sayarwa a warware.

Dalilin da wuya ke gagara

Tsirkiyoyi shida na jitar lantarki, idan an ɗaure su daidai, suna jan wuyan da ƙarfin da ya kusa kilo 50, wato nauyin buhun siminti na Malbaza, dare da rana ba hutu. Na jitar da ba ta amfani da lantarki, mai tsirkiyar ƙarfe, kan kai kilo 70. Roba ba ta karyewa nan take a ƙarƙashin irin wannan ja. Lanƙwashewa take yi a hankali, wata bayan wata, har sauti ya kauce. Lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa ta hana jita kaɗuwa daidai.

Akwai kuma bambanci tsakanin jitocin biyu. Ta lantarki sautinta daga maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yake fitowa, ya bi waya zuwa lasifika, don haka ba ta damu ƙwarai da abin da aka yi jikinta da shi ba. Ɗaya kuwa siririn katakon fuskarta ne ke rawa ya ba da murya, kamar fatar da ke kan ƙoƙon gurmi. An taɓa buga irinta: Scott Summit ya yi ɗaya a Amurka a 2012, robarta kaɗai ta ci kimanin dalar Amurka 3,000. Da wannan kuɗin ana sayen jitocin katako da dama.

Jihar Tahoua da jita

A Galma Koudawatché da sauran garuruwan Madaoua, Bouza da Keita, kayan kiɗa masu tsirkiya da aka gada su ne gurmi da goge da garaya da molo, kuma duk ana haɗa su a gida da ƙwarya ko ice da sanda da fata. Jita baƙuwa ce da ake shigowa da ita daga waje. Duk da haka arewacin jihar ya ba duniya wasu daga cikin fitattun makaɗanta. Mdou Moctar, wanda ya tashi a yankin Tchintabaraden da Abalak, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, daga wani ƙauye kusa da Abalak, da jitar yayanta ta koya. Tarihin nan ya nuna inda matsalar take. Katakon da za a yi jiki da shi bai taɓa gagarar yaro mai himma ba. Tsirkiya da maɗauranta da maganaɗisu ne ke wuyar samu, kuma su ne injin robar ba ya bugawa.

Zafi da wutar lantarki

Robar da aka fi bugawa da ita, PLA, tana fara laushi a wajen digiri 60. A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Tahoua kan haura digiri 40 a inuwa, kuma cikin motar da aka rufe a rana kan wuce 60. Jitar PLA da aka ɗora a saman motar haya daga Madaoua zuwa Ƙonni da tsakar rana ta shiga haɗari. PETG kan jure har kusan digiri 80, ABS kuma ya zarce 100, amma ABS ya fi wuyar bugawa, yana kuma fitar da wari. Ƙurar hunturu ita ma maƙiyiyar injin ce, tana toshe masa baki.

Injin ba ya shan wuta da yawa, bai ko kai dutsen guga ba. Abin da yake buƙata shi ne wutar da ba ta yankewa, domin jikin jita, mai tsawon santimita 40 ko fiye, kan ɗauki kwanaki ana buga gutsattsarinsa, kuma ɗauke wuta a tsakiyar aiki kan iya lalata gunduwa ɗungurungum. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ta ƙara wa jihar wuta, amma mai irin wannan sana'a sai ya tanadi faifan sola da batir nasa.

Inda injin zai fi amfani

Ƙananan kayan gyara ne suka fi dacewa da shi: maɓallan ƙara sauti, murfin wurin wayoyi, farantin da ke kare fuskar jita, ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi, da jakin da tsirkiyar gurmi ko garaya ke hawa. Kowanne ana buga shi cikin mintoci ko ƴan sa'o'i da roba kaɗan, alhali rashin ɗayansu kan ajiye jita wata da watanni ana jiran mai zuwa Yamai ko Kano. Jitar bahago, irin wadda Mdou Moctar ke kaɗawa, ba ta da yawa a kasuwa. A kwamfuta kuwa juya zanen jikin zuwa hagu aikin daƙiƙoƙi ne, ko da yake sai an sake gyara wurin da tsirkiyoyi ke hawa a kan wuyan.

Shi kansa injin ba lallai a sayo shi sabo daga Turai ko Sin ba. A 2013 Kodjo Afate Gnikou, a cibiyar WoeLab ta birnin Lome a Togo, ya haɗa ɗaya mai suna W.Afate daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firinta da aka zubar a juji, ya sayi ƴan sassan da bai samu a can ba, duka a kan kimanin dalar Amurka 100.