Daga "zamna" zuwa "zauna": wani sauyi cikin tarihin Hausa

Sauyin sauti cikin harshe ba ya aukuwa barkatai, ƙa'ida yake bi. A shekarar 1928 masanin nan Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna cewa a tsohuwar Hausa baƙin da ke rufe gaɓa ya yi ta raunana. Da farko k da g suka koma u a dukkan karuruwan harshen. Shi ya sa muke da talaka amma talauci, ɓauna amma jam'inta ɓakane. Jam'in ne ya adana tsohon baƙin.

Daga baya sauyin ya kai ga baƙaƙen leɓe, b da m, sai dai bai game ƙasar Hausa ba. Kano ta ce sauka, zauna, aure, auduga. Adar da Arewa da Gobir suka tsaya kan sabka, zamna, amre, abduga. Wato abin da wasu ke ɗauka gurɓatacciyar Hausa shi ne ma mafi tsufa.

Wannan ya shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci. Manomin Tawa da aka nuna wa "zauna" a darasin farko, aiki biyu aka ɗora masa, koyon baƙaƙe da koyon karin wasu. A ganinmu ya kamata littafin farko ya bi bakinsa, daidaitacciyar Hausa ta biyo baya.