Horar da Malamin Gobe a Zangon Agege: Gurbin Intanet da Iyakarta

Zaman Hausawa a Legas ya girmi haɗewar Nijeriya ta 1914. Fataucin goro ne ya raya Zangon Agege, layin dogon da ya haɗa Legas da Kano ya ƙara masa jama'a, daga baya kasuwanni irin su Idumota, Mile 12 da Alaba Rago suka ci gaba da jan mutanen Arewa da na Nijar. A yau akwai jikoki da tattaɓa-kunne da aka yanke cibiyarsu a waɗannan unguwanni, ba su da wani gida da ya wuce nan. Abin da ya kamata ya dami mai nazarin ilimi shi ne wanda zai koyar da waɗannan yara, da kuma inda za a horar da shi.

Malaman suna nan tun tuni. Suna cikin makarantun Islamiyya da ƙananan makarantun kuɗi da ke lunguna: samari masu takardar sakandare, mahaddata, da matan aure da ke riƙe da azuzuwan yara da yamma. Abin da da yawansu suka rasa shi ne takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da ƙasa ta yarda a koyar da ita, da kuma rajistar Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, da aka kafa a 1993. Makarantun horarwa akwai su a jihar. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Akoka, ga kuma Jami'ar Ilimi ta Jihar Legas da aka samar a 2022 daga kwalejojin Adeniran Ogunsanya da ke Ijanikin da Michael Otedola da ke Epe. Sai dai wanda ya san gosulon Legas ya san cewa zuwa Ijanikin daga Agege kullum yana nufin ajiye sana'a ɗungurungum. Yaron shago a Idumota ba zai iya ba, haka ma uwar 'ya'ya huɗu.

A nan ne karatu daga nesa yake da hujja mai ƙarfi, kuma ba baƙo ba ne a horar da malamai a ƙasar nan. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, UPE, domin ɗaga darajar malaman da ke bakin aiki ba tare da an raba su da aji ba. Kayan aikinta littattafan darasi ne da haɗuwar ƙarshen mako. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin farar hula na Obasanjo, kuma ta daɗe hedikwatarta tana Legas kafin ta koma Abuja. Abin da intanet ta ƙara shi ne murya da hoto da saurin amsa. Ko wanda ba ya sha'awar na'ura ma ba shi da mafita, domin hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, jarrabawar cancanta ta TRCN ma a kwamfuta ake yin ta.

Matsalar kuɗin data da wutar lantarki sananniya ce, musamman bayan da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a farkon 2025. Ban raina ta ba, amma irin matsalar da kuɗi ke warwarewa ce. Wadda ta fi ta zurfi ita ce irin malamin da na'urar ke ƙerawa.

Legas ta ba mu misali a fili. A 2019 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta ƙaddamar da shirin EKOEXCEL a makarantun firamare na gwamnati, tare da kamfanin NewGlobe. Ana ba malami ƙaramar kwamfutar hannu ɗauke da darasin ranar a rubuce, mataki bayan mataki, na'urar kuma tana nuna wa hukuma ko malamin ya zo aiki, da inda ya kai a darasi. Adalci ya sa a faɗi cewa tsarin yana da abin kare kansa. Binciken da Michael Kremer, wanda ya samu lambar Nobel a 2019, ya yi da abokan aikinsa a Kenya kan makarantun Bridge masu irin wannan salo ya nuna yaran sun fi takwarorinsu ci gaba ƙwarai. Inda malami ba ya zuwa, ko yake shiga aji ba shiri, rubutaccen darasi alheri ne ga yaro.

Amma a dubi yaron Zango da kyau. Hausa yake ji a gida, Yarabanci a layi, Turancin buroka a kasuwa, Larabci a Islamiyya, sannan ya tarar da Ingilishi a aji. Tun 2018 kuma dokar jihar ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu. Darasin da aka tsara a ofis domin dukkan yaran jiha ba zai san cewa wannan yaro ya iya ba da canjin naira ɗari biyar ba kuskure a teburin mahaifinsa, amma ya tsaya cik in an rubuta masa lissafin ɗebewa a allo da Turanci. Wanda zai haɗa masa waɗannan biyun shi ne malamin da ya lura da fuskarsa, ya saki rubutun na ɗan lokaci, ya maimaita tambayar da Hausa, ya kawo misali da goro ko albasa, sannan ya dawo da shi kan Turancin. Ba mai iya sakin rubutu ya dawo lafiya sai wanda ya san dalilin da ya sa aka jera darasin haka. Saboda haka nake ganin babban haɗari ne a horar da ɗalibin malanta ta waya kawai, sannan a miƙa masa wata na'urar ta riƙa gaya masa abin da zai faɗa. Zai iya ƙare shekarun aikinsa bai taɓa tsara darasi da kansa ba.

Intanet tana isar da ilimin halayyar yara da tarihin ilimi da ƙa'idojin auna fahimta yadda ya kamata, wani lokaci ma fiye da lacca a ɗakin da ya cika maƙil. Riƙon aji kuwa sana'a ce, kamar ɗinki, sai a gaban gwani ana yi ana gyara wa mutum. Shi ya sa koyarwar gwaji ta zama ginshiƙi a tsarin NCE, kuma ita ce karatu daga nesa ya fi saurin yi wa riƙon sakainar kashi, domin tura mai duba ɗalibi zuwa aji yana cin kuɗi, loda darasi a shafi kuwa sau ɗaya ake yi.

Agege ɗin kanta tana da tarihin da za a yi koyi da shi. Shehu Adamu Abdullahi al-Ilori ya kafa makarantar Larabci ta Markaz a Abeokuta a 1952, ya ƙaura da ita zuwa Agege bayan 'yan shekaru. Ya ɗauki sababbin kayan zamaninsa, wato azuzuwa da manhaja da jarrabawa da takardar shaida, ya shigar da su karatun Larabci, ɗalibai kuma suka ci gaba da tasowa a gaban malamansu, har da yawa daga cikinsu suka je suka buɗe makarantunsu a ƙasar Yarabawa da ƙetare.

Abin da ya dace da Hausawan Legas, a ganina, shi ne a raba aikin gida biyu. Karatun littafi ya zo ta waya, a gajerun darussa na murya da bidiyo da za a sauke a saurara ba sai da data ba, tare da bayani da Hausa inda Turancin ya yi nauyi. Makarantun horar da malamai na Kano da Zariya suna da malaman da za su iya shirya wannan. Koyarwar gwaji kuma a yi ta a cikin unguwa, a amince da Islamiyyun da ke koyar da boko a matsayin wuraren yin ta. Wayar ma tana da amfani a nan: ɗalibi ya ɗauki darasinsa na minti ashirin, da izinin iyaye da hukumar makaranta, ya zauna da gogaggen malami su kalla tare, a nuna masa inda ya juya wa aji baya, da yaran da bai kira ba ko sau ɗaya.

Wannan tsari yana buƙatar ɗaki mai wutar sola, da kwamfutoci kaɗan domin sabawa da jarrabawa, da alawus na malaman da za su riƙa duba ɗalibai. Fadar Sarkin Hausawan Agege da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai sun saba tara kuɗin gini. Alawus ɗin mai dubawa ne zai fi wuyar shawo kan jama'a a kai, domin ba gini ba ne da za a nuna wa baƙo, kuma duk wata sai an sake biya.