Tarihin Kuɗin Takarda Da Darajar Tsofaffinsa

Kalmar nan kuɗi a asalinta jam'in wuri ce. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da suna Abdulkarim, ya iso Kano a shekarar 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a bakin riyal ɗaya na azurfa. Wuri 20,000 kuwa shi ne keso ɗaya, kayan ƙato guda ke nan. Mai son sayen doki sai ya nemi masu ɗaukar kuɗin, sa'an nan ya nemi masu ƙirga su. Irin wannan nauyi ne ya haifi kuɗin takarda a wata ƙasa mai nisa, tun kafin zamanin Barth da shekaru fiye da 800.

A lardin Sichuwan na ƙasar Sin, kuɗin ƙarfe ake kashewa, ga nauyi, ga ƙarancin daraja. Fatake suka riƙa ajiye ƙarfensu wurin manyan attajirai, suna karɓar takardar shaida. Da tafiya ta yi tafiya sai takardar kanta ta fara yawo daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya damu ya je ya karɓo ƙarfen. A shekarar 1023 gwamnatin daular Song ta karɓe wannan aiki daga hannun attajirai, ta kafa ofishin buga takardun. Wajen shekarar 1345 Ibn Batuta ya ziyarci Sin, ya ba da labarin yadda mutane suke saye da sayarwa da takardu masu faɗin tafin hannu, ɗauke da hatimin sarki, in ta tsufa a kai ta gidan buga kuɗi a sake wata. Shi dai wannan matafiyi, bayan 'yan shekaru, ya ga ana ciniki da wuri a Gawo, a Takadda kuma ta ƙasar Ayar ya ga ana kashe sandunan jan ƙarfe.

Amma takarda ba azurfa ba ce. Azurfa ko sarkin da ya buga ta ya mutu, ana iya narka ta a ƙera mundaye. Takarda kuwa alkawari ce kurum, ƙarfinta daidai yake da amanar wanda ya sa mata hannu. Daular Ming ta fara buga nata takardu a 1375, manya ƙwarai, tsawonsu ya fi ƙafa guda. Ta yi ta bugawa ba lissafi, har darajarsu ta zube, mutane suka koma ga azurfa. A ƙasar Farisa an gwada kuɗin takarda a birnin Tabriz a 1294, 'yan kasuwa suka rufe rumfunansu, cikin 'yan makonni aka janye shi. A Turai ma haka aka fara. Ƙasar Suwidin tana da kuɗin jan ƙarfe, mafi girmansa ya kusa kilo 20, saboda haka a 1661 wani mai banki, Johan Palmstruch, ya fito da takardun kuɗi a birnin Sitokhom. Ya buga fiye da abin da ke cikin ma'ajinsa, bankin ya karye, shi kuma ya ƙare a kurkuku. Bankin Ingila, wanda aka kafa a 1694, shi ne ya dawwama a kan wannan aiki har yau.

A Afirka ta Yamma kuɗin takarda tare da mulkin Turawa ya zo. Faransawa sun kafa bankinsu na Afirka ta Yamma a 1901, da ikon buga takardu. Ingilishi kuma a 1912 suka kafa hukumar kuɗi guda domin Nijeriya, da Gana wadda a lokacin ake kira Gaɓar Zinariya, da Saliyo, da Gambiya. A 1916, cikin tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da azurfa ta yi wuya, hukumar ta fitar da takardunta na fari, da hoton itacen kwakwar manja, da rubutu cikin haruffan Larabci domin waɗanda ba su karanta boko ba. Mutane ba su yi marhabin da su ba. Manomin da ya saba binne sulallansa cikin tukunya ya san gara ba ta cin azurfa, amma takarda ba ta da tsira daga gara, ko gobara, ko ɗigar ɗaki da damina. A kasuwanni da yawa mai takarda sai ya yarda a rage masa wani abu kafin a ba shi sulalla.

Sannu a hankali aka saba, har kuɗin ya bar sawunsa cikin harshe. An daina kashe fam a Nijeriya tun ran 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta shigo a kan naira 2 fam ɗaya, amma tsofaffi sun daɗe suna kiran naira 2 fam, naira 200 kuma jaka, watau fam 100 na dā. A Nijar kuwa, inda ake kashe sefa da aka ƙirƙira a Disamba 1945, tamma 5 ita ce dala, tamma 1,000 ita ce jikka. A Gana sunan sidi, wanda ya fito a 1965, daga sunan wuri a harshen Akan aka ɗauko shi.

Kowace takarda tana da ranar mutuwarta, kuma sau da yawa siyasa ce ajalinta. Sidi na fari yana ɗauke da hoton Kwame Nkrumah. Aka tumɓuke shi a 1966, a 1967 aka fito da sabon sidi ba hotonsa. A Janairu 1968, cikin yaƙin basasa, gwamnatin Nijeriya ta sake takardunta domin kuɗin da ke hannun Biyafara ya zama banza, Biyafara kuma ta buga nata fam, da hoton rana mai fitowa. Da yaƙi ya ƙare a 1970, waɗanda suka ajiye kuɗin Biyafara fam 20 kaɗai aka ba kowannensu, kome yawan ajiyarsa. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta sake launin naira, ta ba da ƙasa da mako biyu domin canji, ta kuma rufe iyakokin ƙasa. Fataken Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da ke riƙe da naira suka wayi gari da dam ɗin takardun da ba su da hanyar kai su banki. Masu sefa ma sun ɗanɗana nasu. A Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, a 2004 kuma babban bankin ƙasashen ya janye tsofaffin takardunsa bayan fashin da aka yi wa rassansa a Kwaddibuwa.

To, a nan ne rayuwa ta biyu take farawa. Takardar da kasuwa ta ƙi tana iya samun mai so, gama akwai mutane a ƙasashe da yawa waɗanda sha'awarsu ita ce tara takardun kuɗi. Suna da ƙungiya ta duniya tun 1961, suna da littattafan da suka jera takardun kowace ƙasa da lamba, suna da dillalai da gidajen gwanjo. Abu uku suke dubawa kafin su yanke farashi.

Na fari shi ne ƙaranci. Mutane da yawa suna tsammani tsufa ne ke sa tsada, amma ba haka ba ne. Takardun da Jamus ta buga a 1923, sa'ad da farashi ya haukace har aka fitar da takarda ɗaya ta mak tiriliyan 100, yawancinsu suna da araha har yau, domin an buga su tuli. Fam ɗaya na Biyafara ma ba shi da tsada, gama da yawa sun ragu bayan yaƙi, waɗansu ko lamba ba a kai ga buga musu ba. Amma akwai wata takardar dala 1,000 ta Amurka ta shekarar 1890, wadda ake yi wa laƙabi da kankana saboda sifirorin da ke bayanta sun yi kama da kankana. Waɗanda suka ragu a duniya ba su kai 10 ba. A Janairu 2014 an sayar da ɗaya a gwanjo dala 3,290,000. Takardar daular Ming, wadda ta girme ta da shekara 500, ba ta kai ko kusa da wannan ba, domin akwai ta da dama a gidajen tarihi da hannun masu tarawa.

Na biyu shi ne lafiyar takardar. Masu wannan sana'a suna auna ta da ma'auni daga 1 zuwa 70. Wadda ba ta taɓa shiga aljihu ba, ba lanƙwasa, ba tabon manja, kusurwoyinta a miƙe, tana iya ninka 'yar'uwarta da ta sha hannu sau da yawa. Wannan ya sa ƙananan takardun zamanin Turawa masu lafiya suke da wuyar samu: su ne suka fi yawo a kasuwa, aka ƙulle su a bakin zane, gumi da ƙura suka cinye su.

Na uku shi ne labarin da ke bayanta, tare da ƙananan alamun da idon gwani kaɗai ke kamawa, kamar sa hannun gwamnan bankin da bai daɗe a kujera ba, ko kuskuren bugu, ko lamba mai ban sha'awa. A takardun sefa na Afirka ta Yamma akwai harafi guda da ke nuna ƙasar da aka buga wa: A na Kwaddibuwa, K na Sanagal, H na Nijar. Takardu biyu masu kama ɗaya suna iya bambanta a farashi saboda wannan harafi kurum. Labari kuwa shi ne ya ɗaukaka takardar dala tiriliyan 100 ta Zimbabuwe, wadda ta fito a farkon 2009. Sa'ad da bankin ƙasar ya karɓi tsofaffin takardu a 2015, santi 40 na Amurka kaɗai ya biya a kanta, alhali baƙi suna sayenta ninkin ba ninkin domin su ajiye shaidar abin da ya faru.

Mai karatu da ya tarar da tsohon fam ko tsohuwar jikka a cikin adakar kakansa, kada ya wanke ta, kada ya sa mata dutsen guga, kada ya liƙe yagewarta da gam ko ya manne ta cikin roba, gama duk waɗannan suna kashe darajarta. Ya shimfiɗa ta tsakanin farar takarda mai tsabta, nesa da laima da rana da gara. Ya kuma yi hankali da 'yan damfara iri biyu: mai raina masa kayansa domin ya saye da araha, da mai rantse masa cewa ya yi arziki domin ya karɓi kuɗin dillanci.

Yawancin irin waɗannan takardu ba za su sayi ko tunkiya ba. Duk da haka kowace ɗaya tana faɗin wanda ya yi mulki a shekarar da aka buga ta, da harshen da ya ga ya kamata ya yi wa talakawa magana da shi, da amfanin gona ko sana'ar da ƙasa take taƙama da ita. Wanda ya rubuta sunan mai ita da garin da aka same ta a wata takarda dabam, ya ajiye su tare, ya bar wa jikokinsa abin da ba za su samu a kasuwa ba.