Daga Ƙofar Sarkin Makafi Zuwa Ƙofar Asibiti

Tun kafin zuwan Turawa, manyan biranen ƙasar Hausa irin su Kano da Zariya suna da sarautar Sarkin Makafi, wanda shi ne shugaban marasa gani na gari, kuma ta bakinsa ne fada take jin kukansu. A birnin Kano har unguwa guda suke da ita a gindin dutsen Dala, wadda ake kira Makafin Dala. Idan mutum ya rasa ganinsa a ƙauye, ko ta dalilin agana ko ƙyanda ko yanar ido, danginsa sun san ƙofar da za su nufa da shi, domin a can ne zai sami masauki da ɗan jagora, ya koyi bin lungunan gari da sanda a hannun waɗanda suka riga shi shiga wannan hali, ya kuma koyi tufkar igiya ko rera waƙoƙin wa'azi da na bege. Cewa makanta ba ta hana mutum daraja a wannan al'umma ba, shaidarsa ita ce Malam Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya tsara Waƙar Imfiraji. Sai dai ginshiƙin tsarin bara ne da sadaka, saboda haka ya tsare wa makaho cikinsa da zumuncinsa, amma ya taƙaita masa abin da zai iya zama.

Sabon tafarki ya shigo ne ta hannun 'yan mishan. A 1943 ƙungiyar SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, a 1953 kuma ƙungiyar SUM ta kafa makarantar makafi a Gindiri, wadda ita ce ta farko a Najeriya, inda aka koyar da rubutun Braille, wato haruffan da ake haɗawa daga ɗigo shida masu tudu a kan takarda, ana karanta su da kan yatsa. A tsakanin waɗannan shekaru, a 1950, John Wilson, Baturen Ingila wanda shi kansa makaho ne, ya kafa ƙungiyar da a yau ake kira Sightsavers bayan rangadin da ya yi a Afirka. Iyaye Musulmi da yawa sun yi ɗari-ɗari da kai 'ya'yansu makarantar mishan, kuma wannan bai ragu sosai ba sai da gwamnatocin jihohi suka buɗe nasu makarantun, kamar ta Tudun Maliki a Kano.

A nan ne aikin da dā yake a hannu ɗaya ya rabu biyu. Asibiti ya ɗauki magani da tiyata, makarantu da cibiyoyin horaswa suka ɗauki abin da ake kira gyaran rayuwa, wato koya wa wanda ganinsa ba zai dawo ba tafiya da farar sanda da girki da karatu da sana'a, tare da ba mai sauran gani tabarau ko gilashin ƙara girman rubutu, da kuma kwantar masa da hankali, wanda sau da yawa shi ne mafi wuya. Abin da ya kamata ya haɗa su shi ne turawa, wato likita ya rubuta wa majiyyaci inda zai je, ya kuma tabbatar ya isa, kuma wannan mahaɗin ne ya fi kowane rauni.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.13, kuma a Arewa maso Gabas ne kason makafi a cikin jama'a ya fi girma. Yanar ido, wadda tiyata take warkarwa, ita ce sanadin kashi 43, amma hawan jinin ido, wanda yake lalata jijiyar gani ba tare da dawowa ba, ya kusa kashi 17. Waɗannan na biyun su ne ake ce wa su koma gida su yi haƙuri, alhali ranar da magani ya ƙare ita ce ranar da horaswa ya kamata ta fara. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi da kulawar lafiya, amma a wurare da yawa isar dattijon da ya makance ga mai koya masa riƙon sanda tana rataye ne a kan ko likitan da ya duba shi ya san wani malami da zai aika shi wurinsa.